Aiki daga gida a Kaduna: in riƙe albashi ko in koma kwantiragi?

Baban Hafsat, Unguwar Mu'azu:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar aiki daga gida, musamman waɗanda suka ɗanɗana aikin albashi suka kuma ɗanɗana zaman kai.

Ni akanta ne a wani kamfanin rarraba kaya mai hedikwata a Abuja, ina aiki a reshensa na nan Kaduna. Tun lokacin kullen korona, sa'ad da gwamnatin jiha ta hana fita a ƙarshen watan Maris na 2020, shugabanninmu suka gane cewa yawancin aikinmu ba ya buƙatar zama a ofis, domin rasidai da rahoton ƙarshen wata duk ta kwamfuta suke tafiya. Da aka buɗe gari mun koma ofis, amma ba kullum ba. Yanzu kuma da hayar gini da kuɗin dizal suka yi musu nauyi, sun yanke shawarar rufe ofishin reshen baki ɗaya, su bar sito da direbobi kawai, mu masu lissafi da masu kula da kwastomomi kowa ya ci gaba da aiki daga gidansa.

Sun ajiye mana zaɓi biyu. Na farko shi ne mutum ya ci gaba da zama cikakken ma'aikaci, amma za a cire alawus ɗin sufuri tunda ba zuwa ofis, a maye gurbinsa da ɗan kuɗin data wanda bai kai rabinsa ba. Na biyu shi ne mutum ya ajiye aiki, a biya shi haƙƙoƙinsa, sannan a sake ɗaukarsa a matsayin mai kwantiragi na shekara ɗaya-ɗaya, da kuɗin wata wanda ya fi albashin yanzu da kusan kashi ɗaya bisa uku, amma babu fansho, babu inshorar lafiya, babu hutun shekara. An ce mana a zaɓi na biyu mutum yana da 'yancin yi wa wasu aiki, sai dai ana so ya kasance a kan layi daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma.

Matasan cikinmu duk sun karkata ga kwantiragi, saboda kuɗin hannu da kuma labarin da ake ji na masu samun dala ta intanet. Ni kuwa ina da iyali, ga mahaifiya mai shan maganin hawan jini, don haka ba na so in yi gaggawa. Abin da nake son sani shi ne, wane ne aiki daga gida ya fi amfana, ma'aikacin albashi ko mai zaman kansa? Kuma me ya kamata in lissafa kafin in sa hannu? Allah ya saka da alheri.

Baba na Kakuri:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata kafin in yi ritaya, kuma a unguwar da nake zaune mun ga abin da rufe masaƙu ya yi wa magidanta, inda mutane suka tsufa suna bin haƙƙinsu. Saboda haka duk wanda ya ce min zai ajiye takardar ɗaukar aiki da hannunsa, sai na zaunar da shi mun yi lissafi tukuna.

Albashin da kake gani a asusunka ba shi ne dukan abin da kamfani ke kashewa a kanka ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 a asusun fanshonka, kai kuma a cire maka kashi 8, sannan ta wajabta masa ya yi maka inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinka na shekara ba, domin iyalinka idan ta Allah ta kasance. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa shi biyan kashi 1 na jimillar albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF saboda rauni ko ciwon da aiki ya jawo. Ka ɗora inshorar lafiya da hutun shekara wanda ake biyanka kana hutawa, da wa'adin da dole a ba ka kafin a sallame ka. Idan ka tara waɗannan za ka tarar cewa ƙarin kashi ɗaya bisa uku da aka nuna maka ba kyauta ba ce, yawancinsa kuɗinka ne da ake ajiye maka, yanzu za a miƙa maka a hannu a ce ka san yadda za ka yi da tsufanka da ciwonka.

Ko a zaɓi na farko ma akwai abin lura. Ana lissafa kuɗin fansho ne a kan tushen albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Idan aka cire na sufuri aka kawo wani abu da ake kira kuɗin data, to abin da ke shiga asusun fanshonka kowane wata zai iya raguwa ba tare da kowa ya ambata maka ba. Ka nemi a nuna maka sabon tsarin albashin a rubuce, layi bayan layi.

Sai maganar da ta fi damuna, wato cewa kai mai zaman kanka ne amma ka zauna a kan layi daga 8 zuwa 5. Wanda aka yanka wa lokacin shiga da na tashi, aka faɗa masa yadda zai yi aikin, yake karɓar kuɗi iri ɗaya kowane ƙarshen wata, ma'aikaci ne ko da me aka rubuta a saman takardar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawara a 2006 cewa a riƙa duba haƙiƙanin yadda ake aikin, ba sunan da aka laƙaba wa yarjejeniyar ba, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kaduna, tana duba irin waɗannan alamomi idan rigima ta je gabanta. Amma ban ce ka dogara da kotu ba, domin shari'a tana cin lokaci da kuɗin lauya, kuma mai iyali ba ya ciyar da yara da ranar da aka ɗage zama.

Abin da na lura da shi tun bayan korona shi ne, aiki daga gida ya sauƙaƙa wa kamfanoni mayar da ma'aikata 'yan kwantiragi, saboda da zarar ba a ganin mutum a kan tebur kullum, yana da sauƙi a fara kallonsa a matsayin mai kawo aiki daga waje. Kuma ya raba kan ma'aikata. A da idan aka taɓa alawus, kafin azahar kowa ya ji, a haɗu a je wurin manaja. Yanzu kowa yana ɗakinsa, ana aika masa tasa takardar shi kaɗai. Shawarata ita ce ku da abin ya shafa ku haɗu ido da ido, ku rubuta buƙata ɗaya, kafin kowa ya sa hannu.

Maman Sadiq, Barnawa:

Ina gaida Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malam Baban Hafsat, ni ina cikin waɗanda ake kawo labarinsu, domin fassara da gyaran rubutu tsakanin Hausa da Turanci nake yi wa mutanen waje da na gida, kuma da shi nake taimaka wa gidana. Zan faɗa maka daɗin abin da wahalarsa.

Daɗin gaskiya ne. Kafin 2020 kamfanoni da yawa na waje ba sa yarda su ba wanda ba su taɓa gani ba aiki mai nauyi. Da kulle ya tilasta musu yin taro ta Zoom da nasu ma'aikatan, sai tsoron ya ragu, wanda ke Kaduna da wanda ke Landan suka zama fuska biyu a kan allo ɗaya. Lokacinmu ma ya taimaka, domin agogon Najeriya daidai yake da na Ingila a watannin bazararsu, a lokacin sanyi kuma awa ɗaya ce tsakani. Sannan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024, don haka mai karɓar dala ya samu kariyar da mai albashin naira bai samu ba. Ba zan ɓoye wannan ba.

Amma ƙofar da ta buɗe mana ta buɗe wa kowa. Yanzu idan aka sa aiki a shafukan neman aiki na intanet irin su Upwork ko Fiverr, kana gasa da mutumin Kenya da na Pakistan da na Filifin, kana kuma gasa da ma'aikatan albashi waɗanda zaman gida ya ba su sarari, suna karɓar aiki da arha domin ba da shi suke biyan haya ba. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka, kuma yakan riƙe kuɗin mako biyu kafin ka iya cira, sannan akwai abin da ake yanka wajen sauko da kuɗin zuwa bankin gida. A fannina kuma fassarar na'ura ta sauya kasuwa, inda masu ba da aiki da yawa suka koma turo abin da na'ura ta fassara su ce a gyara, a kan farashin da bai kai na fassara ba, alhali wani lokaci gyaran ya fi sabon aiki cin rai. Wata ɗaya aiki ya yi maka yawa har ka hana kanka barci, wata biyu kuma shiru.

Babban abin da nake so ka lissafa shi ne ofishin da za ka gina a gidanka, domin wannan nauyi yana kanka a zaɓin farko da na biyu duka. Wutar da kamfani ke biya, da janareta, da intanet, da kujera, da fanka, duk sun dawo aljihunka. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka ware wa mafi yawan awannin wuta, zuwa naira 225 kowane yunit daga ƙasa da 70, waɗanda ba sa rukunin kuwa ba su da tabbacin awannin da za su yi aiki da su. Fetur ɗin janareta, wanda yake ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a watan Mayu na 2023, ya haura 1,000 a 2024. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 a kuɗin kira da data. Dalar da ke faranta wa mai karɓarta rai ita ce kuma ke sa farashin sola da batir da inbata da kwamfuta, domin duk shigo da su ake yi.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saya. Kowa ya tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin wutar da ke tasowa daga Shiroro, ɗaya layin ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta zauna cikin duhu sama da mako guda. A watan Maris na 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har ayyukan wasu bankuna suka samu cikas. Kafin nan, a ƙarshen 2021, an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan kusan wata biyu saboda matsalar tsaro. A irin waɗannan ranaku ma'aikacin albashi zai kira ogansa ya ba da uzuri, albashinsa ya shigo a ƙarshen wata. Mai zaman kansa kuwa idan ya saɓa alƙawari, kwastoman da ke Amurka bai san Shiroro ba, zai ba wani aikin, ya kuma rubuta maka mummunar shaida wadda masu zuwa baya za su karanta. Shi ya sa muke riƙe layin waya biyu na kamfanoni daban-daban, wasu su haɗa kuɗi su sayi Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo ƙasar nan a farkon 2023, wasu kuma su biya kuɗin kujera a wuraren aiki na haɗaka irin CoLab da ke nan Barnawa.

To ga inda na tsaya. Abin da ke sa zaman kai ya biya wahalarsa abu biyu ne, yawan kwastomomi da ikon tsara lokacinka. Abin da aka ajiye maka ba shi da ko ɗaya. Kwastoma ɗaya ne, naira zai biya ka, kuma ya riƙe yininka gaba ɗaya. Yaushe za ka yi wa wasu aiki, bayan isha'i? Idan suna so ka zama mai kwantiragi da gaske, su biya ka a kan aikin da ka miƙa, wato rahoton wata da daidaita lissafin banki da takardun haraji, kowanne da ranarsa, su bar maka agogonka.

Hajiya ta Malali:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar gwamnatin jiha ce, kuma ina so in taɓo ɓangaren da ba a sa shi a lissafin kuɗi.

Mu nan Kaduna mun riga sauran jihohi gwada wannan tsari, domin tun ranar 1 ga Disamba 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, daga 8 zuwa 5, Juma'a kuma aka ce a yi aiki daga gida. Bayan cire tallafin mai a 2023 jihohi irin su Edo da Kwara suka rage ranakun zuwa ofis su ma. Ba shakka an samu sauƙin kuɗin mota. Duk wanda ke tasowa daga Rigasa ko Sabon Tasha ko Mando zuwa tsakiyar gari ya san abin da kwana ɗaya ke rage masa a mako, balle waɗanda ke aiki a Abuja iyalinsu suna nan, waɗanda bayan harin jirgin ƙasa na watan Maris 2022 duk tafiyar da aka ɗauke musu rahama ce.

Sai dai gidan Bahaushe ba a gina shi don aikin ofis ba. Idan mutum yana gida, a wurin jama'a ba shi da abin yi. Maƙwabci zai yi sallama, ɗan'uwa zai zo daga ƙauye ba tare da sanarwa ba, za a aiko a ce ka raka wance asibiti tunda kana nan, kuma ba tarbiyyarmu ba ce a ce wa baƙo ya jira a gama taro. Ga mace abin ya ninka, domin ana jiran rahoto a waya ana kuma jiran abincin rana a tsakar gida, yara sun dawo daga boko za a shirya su Islamiyya. Na san mata da wannan tsari ya ba su damar ci gaba da aiki suna shayarwa, da waɗanda mazajensu ba za su bar su fita ofis ba amma sun yarda su yi aiki a ɗaki, kuma ina ganin wannan babban alheri ne. Na kuma san waɗanda ba sa fara aikin ofis sai dare ya raba, bayan kowa ya kwanta, har lafiyarsu ta fara taɓuwa.

Malam, kafin ka zaɓi ko wanne, ka zauna da maiɗakinka ku yi magana a kan inda za ka riƙa zama da lokutan da ba a shigo maka, kuma kada zamanka a gida ya zama ƙarin aiki a kanta, a ce yau a kawo shayi gobe a hana yara wasa. Sannan takardun lissafin kamfani amana ce, ba a barin su a kwamfutar da yara ke kallo a kai. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma idan bayanan kwastomomi suka fita ta hannunka, ma'aikaci yana da kamfani a bayansa, mai kwantiragi kuwa sau da yawa takardar da ya sa wa hannu ta ɗora masa alhakin shi kaɗai.

Ɗan Kawo:

Ina neman afuwar Baba, amma ina da ɗan bambancin ra'ayi, duk da na yarda da lissafinsa. Ni mai rubuta manhaja ne, na bar aikin albashi da kaina.

Fanshon da ake magana a kai naira ce ake tarawa, kuma a 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Mutumin da ke da shekaru da yawa kafin ritaya yana da hujja idan ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, a ba shi kuɗinsa yau ya sayi fili ko ya kafa sola ko ya ƙaro ilimi. Kuma ajiye aiki ba ya cinye abin da ka riga ka tara, asusun fansho naka ne, yana nan da sunanka, kuma tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin da masu zaman kansu ke zuba nasu da kansu. Inshorar lafiya ma ana iya saya, ko ta hukumar KADCHMA ta jiha ko ta kamfanoni masu zaman kansu. Matsalar ita ce abin da ba a cire wa mutum da ƙarfi ba, kaɗan ne ke da haƙurin cire wa kansa, musamman a watan da ake biyan kuɗin makaranta.

Ina kuma so a daina ɗaukar cewa ma'aikacin da ke gida yana cikin aminci. Wani malamin jami'ar Stanford, Nicholas Bloom, ya yi bincike da abokansa a wani kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin mai suna Ctrip, suka gano cewa waɗanda suka koma aiki daga gida ƙwazonsu ya ƙaru da kashi 13, barin aiki ya ragu sosai, amma samun ƙarin girmansu ya ja baya idan aka kwatanta da waɗanda ake gani a ofis. A binciken da suka sake yi aka buga a 2024, waɗanda ke kwana biyu a gida kwana uku a ofis ba su yi asarar ƙarin girma ba. Yaya Baban Hafsat kuwa ba shi da ofishin da zai je ko da kwana ɗaya, masu yanke hukunci suna Abuja tare da waɗanda suke cin abincin rana da su. Kuma kujerar da za a iya yin aikinta daga Unguwar Mu'azu za a iya yinsa daga Ilorin, a hannun wanda zai karɓi ƙasa da haka. Saboda haka ko ya zauna a kan albashi, ya fara neman ƙananan 'yan kasuwa da makarantu masu zaman kansu da ke buƙatar mai riƙe musu littafi, muddin takardar aikinsa ba ta hana ba.

A kan haraji, shi akanta ne ya fi ni sani, amma saboda masu karatu: ma'aikaci kamfani ke cire masa ya aika wa hukumar harajin jihar da yake zaune, wato KADIRS a nan, mai kwantiragi kuwa za a riƙe masa kashi 5 daga kowane biya, sannan shi zai cike takardunsa na shekara da kansa, don haka ya riƙa karɓar shaidar abin da aka riƙe. Sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, wadda aka tsara ta fara aiki daga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, kuma mazaunin Najeriya ana lissafa masa abin da ya samu daga waje ma. Masu karɓar dala su san da wannan.

Baban Hafsat, Unguwar Mu'azu:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na zauna na yi lissafin kamar yadda Baba ya ce, na ɗora kason fansho na kamfani da kuɗin sayen inshorar lafiya ga iyalina da albashin hutun shekara, sai na ga abin da ya rage daga ƙarin bai isa ya biya batir da data ba. Maganar Maman Sadiq ta kwastoma ɗaya da agogon 8 zuwa 5 ita ta ƙarasa yanke min hukunci. Zan zauna a matsayin ma'aikaci, amma na ɗauki shawarar ƙanena Ɗan Kawo, domin na duba takardar ɗaukata aiki na ga abokan gasar kamfani kawai aka hana ni yi wa aiki.

Na kira abokan aikina, mun shirya haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar. Abin da muke so mu rubuta shi ne a bar alawus ɗin sufuri a cikin tsarin albashi ko da za a sauya masa suna, kamfani ya ba da kwamfuta ya kuma ɗauki nauyin gyaranta, a taimaka da kafa sola ko da bashi ne da za a riƙa cira a hankali, sannan a kai mu Abuja lokaci-lokaci domin a san fuskokinmu. Tambaya ɗaya ta rage min, Baba. Tun da muka fara zaman gida saƙon oga ba shi da lokaci, yakan shigo bayan magariba, har ranar Lahadi. Akwai dokar da ta hana wannan?

Baba na Kakuri:

Ɗana, wasu ƙasashe sun yi doka a kai. Faransa ta fara tun 2017, inda ta wajabta wa manyan kamfanoni su tattauna da ma'aikatansu a kan lokacin da mutum ke da 'yancin kashe waya, Fotugal kuma a 2021 ta hana shugabanni tuntuɓar ma'aikaci bayan tashi sai da larura, ta kuma sa kamfani biyan ƙarin kuɗin wuta da intanet da aikin gida ya jawo. Tamu dokar ƙwadagon tun shekarun 1970 aka rubuta ta, lokacin da aiki yake nufin masana'anta da ƙofar shiga da ƙararrawar tashi, kuma ta bar lokutan aiki ga abin da aka yi yarjejeniya a kai tsakanin mai aiki da ma'aikaci ko ƙungiyarsu. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ma ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru irinku ba, don haka abin da ke kare ku shi ne abin da ke rubuce a takardarku.

Saboda haka ku sa shi a cikin buƙatunku a fili. Ku rubuta lokacin fara aiki da na tashi, da hutun sallar Juma'a, ku rubuta cewa saƙon da ya shigo bayan tashi za a amsa shi washegari in ban da kwanakin rufe lissafin wata, waɗanda su ma a faɗi yadda za a biya su ko a rama su da hutu. Ku ƙara cewa ranar da wuta ko intanet suka ɗauke a gari baki ɗaya ba za a lissafa ta a matsayin fashin aiki ba. Idan sun amince, kada ku karɓi amincewar a waya ko a saƙon WhatsApp, ku nemi wasiƙa mai ɗauke da tambarin kamfani da sa hannun wanda ke da ikon ɗaukar aiki, kowa ya riƙe kwafinsa a gida.